Birnin Kebbi: Yadda zafi, ƙura da gyaran kirdado ke kwantar da tsofaffin motocin haibirid

Abin yakan zo ne ba sallama. Ma'aikaci ya baro gidansa a Badariya da sassafe, ya wuce Ambursa ya miƙi hanyar Argungu, mota na tafiya lafiya lau. Can sai ya ji ƙara ɗaya daga gaban sitiyari, wata alama mai kusurwa uku ta kama ja wur, fitilar cek inji ta biyo bayanta. Ya taka totur, motar ta ƙi ɗauka kamar yadda ta saba. Daga bayan kujera kuma wata fanka da bai taɓa sanin tana wurin ba ta soma kuka.

Idan ya samu ya lallaɓa ta zuwa gareji, sau da yawa hukuncin yana jiran sa tun kafin a buɗe bonet: Alhaji, babban batir ne ya tafi. Wannan jimla ita ce fargabar duk mai tsohuwar motar haibirid, domin babban batirin na cikin kayan da suka fi tsada a jikin motar, kuma sai an aiko da shi daga Kano, Abuja ko Legas.

Sai dai wannan jar alama ba ta nufin batir kaɗai. Ita ce babbar fitilar gargaɗi ta motar, kuma abubuwa da dama ne ke kunna ta: daga ƙaramin batir mai bolt 12 da ya yi rauni, zuwa famfon ruwa da ya tsaya, zuwa ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Wanda ya sayi batir bisa kirdado yana iya biyan kuɗi mai yawa, bayan mako guda alamar ta dawo, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya jawo hankali gare su

Motar haibirid ba sabuwar aba ba ce a duniya. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a watan Disamban 1997, ya fara sayar da ita a ƙasashen waje a 2000. Samfuri na biyu ya fito a 2003, na uku a 2009. A tsakanin nan aka samu Highlander da Lexus RX 400h masu haibirid a 2005, sai Camry a 2006. Kamfanin Honda ma ya yi nasa, Insight da Civic.

A Najeriya an daɗe ana gudun waɗannan motoci saboda tsoron gyara. Abin da ya sauya lissafi shi ne farashin mai. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000.

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu akwai tazarar kimanin kilomita 50, wato 100 ke nan zuwa da dawowa. A gwajin hukumomin Amurka, Prius na yin kusan kilomita 20 da lita ɗaya, ita kuwa Camry ta zamaninta marar haibirid kusan rabin haka take yi. A takarda, mai zuwa aiki kullum zai sha lita biyar a maimakon goma. A kwanakin aiki 22 na wata, lita 110 ke nan ta rage masa. Wannan ragin shi ne dalilin sayen motar, kuma shi ne gyara guda na kuskure ke iya cinyewa gaba ɗaya.

Akwai kuma batun shekaru. Mafi yawan waɗanda ke isowa nan 'yan gwanjo ne, sun gama ƙuruciyarsu a titunan Amurka ko Turai. Garantin da Toyota ke ba batirin waɗancan samfura a Amurka na shekara takwas ne ko mil 100,000, a jihohi irin su Kalifoniya kuma shekara goma ko mil 150,000. Motar 2008 ko 2010 ta wuce wannan wa'adi da nisa tun kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa.

Yadda motar take aiki

Tushen yawancin kurakuran gyara shi ne ɗaukar haibirid tamkar sauran motoci. A haibirid ɗin Toyota babu kik, babu altaneto. Akwai injin fetur, da injinan lantarki biyu a cikin giya. Ɗaya ne ke tayar da injin fetur ya kuma yi cajin batir, ɗayan yana juya tayoyi, idan an taka birki kuma ya mayar da ƙarfin gudun ya zama wuta.

Batura biyu ne a motar. Babban yana bayan kujerar baya. A Prius samfuri na biyu da na uku, ƙananan batura 28 ne aka jera a akwati ɗaya, kowanne bolt 7.2, jimla 201.6. Na Camry ta 2007 guda 34 ne, bolt 244.8. Tsakanin wannan batir da injinan lantarki akwai inbata, 'yar uwar wadda ake gani a gidajen masu sola, sai dai ita tana ɗaga wutar har bolt 500 a samfuri na biyu, 650 a na uku. Ita ce kuma ke cajin ƙaramin batirin, a madadin altaneto.

Ƙaramin batir mai bolt 12 ba ya juya inji. Aikinsa shi ne tayar da kwamfutocin motar, su kuma su buɗe wa babban batir hanya. Idan komai ya daidaita sai kalmar READY ta fito a gaban direba. Wannan kalma ita ce shaidar mota ta tashi, ko da ba a jin ƙarar inji.

Fitila ba ta faɗin ciwo, lamba ce ke faɗi

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da ake sayarwa a Amurka ta kasance da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Shi ne abin da ake kira sa wa mota kwamfuta. Duk lokacin da fitilar gargaɗi ta kama, motar ta riga ta ajiye wata lamba da ke nuna ɓangaren da ta ga matsala, tare da hoton yanayin da take ciki a daidai lokacin: zafin ruwa, gudu, ƙarfin kowane ɓangare na batir.

Wasu lambobin sun fi yawan fitowa a tsofaffin haibirid na Toyota. P0A80 na nufin babban batir ya gaza. P0A93 na nuna inbata ba ta samun sanyi. P0AA6 na nufin babbar wuta tana zurara zuwa jikin ƙarfen mota. P3190 da P3191 da P0A0F na magana ne kan injin fetur da ya yi rauni ko ya ƙi tashi. P0300 zuwa P0304 na nufin wuta ba ta kamawa daidai a wata silinda. C1256 da C1391 kuwa na birki ne.

Abubuwa biyu ne ke ɓata wannan bincike. Na farko, ƙaramar na'ura mai araha takan karanta lambobin inji kaɗai, ta ce babu komai alhali kwamfutar haibirid cike take da ƙorafi. Ana buƙatar wadda ke shiga dukkan kwamfutocin, irin manhajar Techstream ta Toyota, wadda ke nuna har da ƙaramar lamba mai alƙaluma uku da ke biye da babbar, mai tantance ainihin inda matsalar take.

Na biyu shi ne al'adar cire kan batir a mayar don fitila ta mutu. Fitilar takan mutu, amma bayanan da mai gyara ke buƙata sun goge tare da ita, ciwon kuma yana nan. Ka'idar da ta fi amfani ga mai mota ita ce ya sa a ɗauki hoton lambobin da wayarsa kafin a goge komai. Da hoton a hannu, yana iya neman ra'ayin wani masanin a Kano ko Abuja ba tare da ya motsa motar ba.

Launin fitilar ma yana da ma'ana. Cek inji mai ruwan ɗorawa da ta tsaya cak, mota kuma na tafiya daidai, tana ba da damar a kai ta gareji a hankali. Wani lokaci murfin tankin mai ne kawai ba a ɗaure sosai ba. Idan tana ƙiftawa, inji na ɓarin wuta sosai, sai a tsaya. Jar alama mai kusurwa uku, ko rubutun da ke cewa a duba tsarin haibirid a samfuri na uku, ko fitilar zafi, ko ta birki, duk umarnin a gangara gefen hanya ne.

A fara da ƙaramin batir

Abu na farko da ƙwararren mai gyara ke aunawa shi ne wanda ya fi araha. Idan ƙaramin batir ya yi rauni, kwamfutoci kan rikice su zubo da lambobi barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna, fitilu su kama rututu, motar ta ƙi nuna READY. Da yake ba a jin kik yana jan ƙafa kamar a sauran motoci, mai ita ba ya samun gargaɗi kafin ranar.

A Prius na waɗancan samfura, wannan batir yana cikin but ne ta hannun dama, shi ya sa wasu ke shekaru ba su taɓa ganin sa ba. Lafiyayye, bayan mota ta kwana, ya kamata mita ta nuna wajen bolt 12.4 zuwa 12.6. Idan an kunna ta READY ta fito, ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, to inbata ba ta yi masa caji, maganar ta wuce batir ke nan.

Zafi irin na Kebbi yana rage wa batirin mota kwana, kuma kawunansa kan yi tsatsa ko su saki saboda gargadar hanya. Akwai wurin jona waya a akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet idan ana son a ɗana mata wuta daga wata motar. A nan ake tafka kuskure mafi tsada: juya wayoyin, ja a wurin baƙa, ko na daƙiƙa ɗaya ne, na iya ƙona babban fis ko ya taɓa inbata. Haka kuma ba a amfani da haibirid wajen tayar da wata motar, ba a kuma tura ta don ta tashi.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40. Motar da aka ajiye a rana a rufe, cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Babu abin da ke tsofar da babban batir kamar zafi.

Abin da masu motocin da yawa ba su sani ba shi ne da iskar cikin mota ake sanyaya wannan batir. Akwai wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya, a Prius ta hannun dama, inda fanka ke zuƙar iska ta hura wa batirin. Direban da ya kashe AC don tsimin mai a tsakiyar Afrilu, iska mai zafi yake ba batirinsa. Wanda kuma ya sauke gilashi a lokacin hunturu, ƙura ce ke bi ta tagar ta danƙare a fukafukan fankar. Rigar kujera da aka ɗinka ta rufe wurin, ko buhun shinkafa da aka jingina, ko babbar rigar fasinja, duk suna iya toshe ta.

Alamar farko ita ce a riƙa jin kukan fankar sosai daga baya, mota ta rage ƙarfi, inji ya daina hutawa a tsaye. Ciro fankar a wanke ta aikin sa'a ɗaya ko biyu ne, kuma a yanayi irin na nan ya dace a yi shi duk bayan hunturu.

Inbata ma tana da nata tsarin sanyayawa dabam da na inji, da robar ruwanta da ƙaramin famfo mai aiki da lantarki. Wannan famfo sananne ne wajen mutuwa a Prius na 2004 zuwa 2009, har Toyota ta yi kiranyen motocin a Nuwamban 2012 don sauya shi. Idan ya tsaya, motar takan yi lafiya a cikin gari da safe, sai an hau doguwar hanya da rana jar alama ta fito da P0A93. Gwajinsa ba ya buƙatar kuɗi: a kunna mota, a leƙa robar ruwan inbata. Idan famfon na aiki za a ga ruwan yana motsi. In ya kwanta lum, famfon ya tsaya. Ci gaba da tafiya a haka na iya ƙona inbata, wadda kuɗinta ya ninka na famfon sau da yawa.

A samfuri na uku kuwa, a Fabrairun 2014 Toyota ta yi kiranyen Prius kusan miliyan 1.9 a duniya don sabunta manhajar da ke kare inbata daga zafi, ta sake wani kiranyen a 2018. Motar da aka shigo da ita ta yiwu ba a taɓa yi mata wannan aikin ba. Ana iya dubawa da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin kiranye na kamfanin ko na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka.

Idan injin fetur ne ke ciwo

Haibirid na da dabarar ɓoye ciwon inji. Da yake injin lantarki ne ke juya shi da ƙarfi, mutum na iya jin ƙara ya ɗauka inji ya tashi, alhali juya shi kawai ake yi da wutar babban batir. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya tsaya, jar alama ta fito. Duk sake gwadawa yana ƙara zuƙe batirin, kuma idan ya yi ƙasa sosai ba ya tashi sai da caja ta musamman da ba kowane gareji ke da ita ba. Motar da aka kawo da ciwon famfon mai sai ta koma mai ciwon batir. Idan ta ƙi sau biyu ko uku, a dakata.

Dalilan kuwa na yau da kullum ne. Mai ya ƙare, ko famfon mai ya gaji, ko an sha gurɓataccen fetur. 'Yan Najeriya ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata motoci. Na jarka a bakin hanya kuwa, ba mai iya shaidar abin da ke cikinsa. Ƙura kan lulluɓe na'urar auna iska da ke bayan matatar iska, ko ta daƙile bakin totur, sai inji ya rasa ƙarfi. Filogi da kwayil ma suna tsufa kamar na kowace mota.

Samfuri na uku mai inji 1.8 yana da nasa sanannen ciwo. Akwai bututun da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙonewa. Da tafiya ta yi nisa sai baƙin toka ya toshe shi, lambar P0401 ta fito. Alamar da aka fi sani ita ce girgiza da ƙwanƙwasa mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi idan an tayar da mota da safe. In aka haɗa da ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, sai a binciki gaskit ɗin kan inji tun bai kai ga lanƙwasa ƙarfe ba.

Baƙin mai ma abin lura ne. Kamfanin ya tsara 5W-30 ga samfuri na biyu, 0W-20 ga na uku. Injin haibirid yana mutuwa yana tashi sau da dama a tafiya ɗaya, don haka yana son man da ke zagayawa nan take. Mai kauri irin 20W-50 da aka saba ɗura wa kowace mota yana wahalar da shi. Tsofaffin injinan nan kuma suna shan baƙin mai, ya kamata a riƙa jan sandar awo duk mako.

Idan da gaske babban batir ne

Wani lokaci hukuncin gareji gaskiya ne. Alamominsa a fili suke: ma'aunin caji a allo ya cika cikin minti biyu ya kuma zube cikin minti biyu, inji ya ƙi hutawa, shan mai ya ƙaru, sannan P0A80 ta fito. Kwamfutar Prius tana sa ido kan baturan nan 28 ne bibbiyu, rukuni 14, kuma lambobi daga P3011 zuwa P3024 na faɗin rukunin da ya gaza. A lafiyayyen batir, dukkan rukunan kusan kai ɗaya suke. Idan ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran da fiye da bolt ɗaya yayin da mota ke ja, to ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya mutu. Mai mota na da haƙƙin ya ce a nuna masa waɗannan alƙaluma a allon na'ura kafin ya fitar da kuɗi.

Kafin a yanke hukunci ana duba ƙananan faifan tagulla da ke haɗa baturan da siraran wayoyin awo, domin tsatsa a kansu na iya sa kwamfuta ta yi wa lafiyayyen batir ƙarya.

Zaɓi uku ne a gaban mai motar. Mafi araha shi ne a cire wanda ya mutu a sa wani na kwance. Yana aiki, amma sauran 27 ɗin sa'o'insa ne, zafi ɗaya suka sha. Idan ba a auna ƙarfin kowanne an daidaita su ba, bayan 'yan watanni wani zai biyo. Na biyu shi ne sayen cikakken batir na gwanjo daga kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, inda abin tambaya shi ne shekarar motar da aka ciro shi da kuma tsawon zaman da ya yi a shago, domin irin wannan batir yana zubar da caji idan ya daɗe a ajiye. Na uku shi ne sabo fil, mafi tsada kuma mafi kwanciyar hankali. Kowanne aka zaɓa, rubutaccen garanti da wanke fanka su ne sharaɗi. Sabon batir a bayan toshasshiyar fanka hanyar tsohon zai bi.

Gyaran da ke ƙara ciwo

Akwai dabarun da suka zama jiki a garejin Najeriya waɗanda haibirid ba ta jure musu. Cire tamostat da haɗa fankar lagireto kai-tsaye suna hana inji kai zafin da kwamfuta ke jira, sai ya ƙi mutuwa a tsaye, tsimin man ya tafi. Fasa salansa a cire abin da makanikai ke kira indomi yana kunna cek inji ta dindindin, daga nan kuma duk sabon ciwon da ya zo ba za a gane ba. Ruwan rijiya ko na leda a lagireto yana kawo tsatsa; ruwan hoda na kamfanin ne aka tsara wa inji da inbata duka.

Mai gyaran AC ma na iya kwantar da motar bai sani ba. Kwamfuresan Prius daga samfuri na biyu yana aiki ne da babbar wuta, kuma yana da mansa na musamman, ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Idan aka zuba man kwamfuresa na sauran motoci, wuta kan zurara, P0AA6 ta fito, motar ta ƙi tashi. Ruwa ma haka yake yi: wankin inji da tiyo mai ƙarfi, ko kutsawa cikin ruwan da ya malale hanya da damina, abin da mazauna kwarin Rima suka sani sarai.

Sai al'adar direbobi ta sakin giya a gangara ko a cunkoso. A haibirid, idan giya na N batir ba ya caji ko kaɗan, AC kuma na ci gaba da zuƙar sa. Haka nan ba a jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, domin juyawarsu na haifar da wuta. Ɗaukar ta ake yi a babbar mota.

Birki ma da lantarki yake aiki. Idan ana jin wani famfo a gaba yana zuuu a kai a kai, fitilun birki da ABS suka kama tare, wannan ba motar da za a ce bari a ƙarasa da ita gida ba ce.

Sama da duka akwai rai. Duk wayar da aka lulluɓe da ruwan lemo a jikin motar babbar wuta ce ke cikinta, wadda ta isa ta kashe mutum. Ka'idar aiki ita ce a kashe mota, a nisantar da makulli, a cire kan ƙaramin batir, a sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, a zare makullin tsaro mai ruwan lemo da ke jikin babban batir, a jira minti goma, sannan a auna da mita kafin a taɓa komai. Ko bayan haka, cikin akwatin batirin da sauran wuta. A garejin da yara masu koyon aiki ke kwance kaya da hannu tsirara, takalmi silifa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Giɓin da ya rage

Motocin sun riga masu gyaransu isowa. Yawancin makanikai da masu wayarin sun koyi sana'a ne a hannun iyayen gidansu a zamanin kafireto, kuma ƙwarewarsu ta kunne da hannu ba ta isa ga motar da sai an karanta alƙalumanta. Wannan giɓi ne, amma kuma kasuwa ce ga matasan da suka iya kwamfuta. Jihar na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. A matakin ƙasa akwai hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, wadda ke shirya wa makanikai horo, da ƙungiyarsu ta NATA. Gajeren kwas kan karanta lamba da kiyaye babbar wuta zai rage yawan motocin da ake ɗora wa babbar mota zuwa wasu jihohi.

Ga mai shirin saye, gwajin farko kyauta ne. A danna maɓallin kunnawa sau biyu ba tare da taka birki ba: dukkan fitilun gargaɗi ya kamata su kama. Wadda ta ƙi kamawa, wataƙila an cire ta ne ko an liƙe ta. Na'ura mai kyau tana kuma nuna ko kwanan nan aka goge lambobi. Sannan a yi doguwar tafiya da rana tsaka, AC a kunne, na'ura a jone ana kallon rukunan batir, a kuma ɗaga shimfiɗar but a duba tsatsa ko busasshen laka, domin cikin motocin gwanjon Amurka akwai waɗanda ambaliya ta taɓa shanyewa.

Shi kuwa wanda alamar ta kama shi bayan Ambursa, abin da ke gabansa bai wuce biyar ba: ya gangara ya kashe motar, ya duba mai da ruwa da tagar iskar baya, kada ya yi ta danna maɓalli, kada ya bari a cire kan batir, ya kuma nemi wanda zai karanta masa lambar. Ta yiwu batirin ne. Ta yiwu kuma fanka ce da ta sha ƙurar hunturu uku ba wanda ya leƙa ta.